Septrin, Tirimetofirim Kaɗai, Dafson ko Fansidar: Wanne Ya Dace da Wace Cuta?

A shekarun da na yi ina aikin harhaɗa magunguna a Kaduna, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ji ana kiran sunansa kamar Septrin. Mai tari shi yake nema, mai gudawa shi yake nema, matar da fitsari ke yi wa zafi ita ma shi take nema, kuma da yawa daga cikinsu ba takardar likita suke riƙe da ita ba, tsohon kwalin da suka sha bara suke miƙowa a ba su irinsa. Abin da mafi yawansu ba su sani ba shi ne Septrin yana da dangi, kuma dangin nan suna shiga gidajenmu ta ƙofofi dabam-dabam: Fansidar da ake ba mai ciki a wajen awo, ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, dafson da ake ba masu kuturta, da farin man da ake shafa wa ƙuna. Kusan duk hanya ɗaya suke bi wajen kashe ƙwayar cuta, saboda haka illolinsu ma suna kama da juna, kuma wanda jikinsa ya ƙi ɗaya daga cikinsu yana iya ƙin sauran.

Kafin a kwatanta su sai an fahimci inda suke kama ƙwayar cuta. Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta bakteriya, tana buƙatar wani sinadari mai suna folet kafin ta iya haɗa tubalan da ake gina DNA da su, kuma in babu sabon DNA ba za ta rabu biyu ta hayayyafa ba. Mu 'yan Adam ba ma ƙera folet a jikinmu, a shirye muke samunsa daga zogale da alayyahu da wake da gyaɗa da hanta, ko daga 'yar ƙwayar folik asid. Yawancin bakteriya kuwa ba sa iya ɗaukar folet daga waje, dole su ƙera nasu, kuma suna farawa ne da wani ƙaramin sinadari da ake taƙaita sunansa da PABA. Magungunan salfa, irin waɗanda ke cikin Septrin da Fansidar, da kuma dafson sun yi kama da PABA ƙwarai a siffa, don haka enzayim ɗin, wato sinadarin da ke gudanar da wannan aiki a cikin bakteriya, yakan karɓe su kamar yadda ɗan kasuwa kan karɓi jabun kuɗi, aikin ya tsaya tun daga matakin farko. Masanin Ingila Donald Woods ne ya nuna wannan gasa tsakanin salfa da PABA a 1940. Tun da jikin mutum ba shi da wannan enzayim ko kaɗan, maganin ba ya taɓa mu ta wannan fuska.

Tirimetofirim da ke cikin Septrin da firimetamin da ke cikin Fansidar kuwa a gaba suke tare hanya. Akwai enzayim na biyu wanda ke mayar da folet zuwa siffar da ƙwayar halitta za ta iya aiki da ita, kuma wannan kam mu ma muna da shi. Abin da ya sa ake iya shan tirimetofirim shi ne yana kama enzayim ɗin bakteriya da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama namu kusan sau 50,000, yayin da firimetamin ya fi kama na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Dukansu sun fito ne daga ɗakin binciken George Hitchings da Gertrude Elion, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1988. Kowane ɓangare shi kaɗai yakan hana bakteriya yaɗuwa ne kawai, garkuwar jiki ta ƙarasa aikin, amma idan aka datse hanyar a wuri biyu lokaci guda sai ƙwayar ta mutu. Wannan shi ne dalilin haɗa salfametokzazol, wanda salfa ne, da tirimetofirim a ƙarshen shekarun 1960, kashi biyar na farko da kashi ɗaya na biyu, haɗin da ake kira kotirimokzazol, wanda muka fi sani da Septrin ko Bactrim.

Tarihinsu ya girmi na fenisilin a hannun likitoci. A 1932 Gerhard Domagk na kamfanin Bayer a Jamus ya gano cewa wani jan rini mai suna Prontosil yana kare ɓeraye daga ƙwayar sitireftokokas, a 1935 kuma masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris suka nuna cewa jiki ne ke farfasa rinin ya fitar da salfanilamaid, wanda shi ne ainihin maganin. A arewacin Nijeriya salfa ya daɗe yana zama makamin da ake tarar annobar sanƙarau da shi, har zuwa lokacin da ƙwayar ta daina jin sa, abin da ya sa a shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood, suka gwada allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai a madadinsa. Na kawo wannan ne domin bijirewar ƙwayoyin cuta ita ce ta fi komai yanke hukunci a kan zaɓin da za a yi yau, kuma ba jiya ta fara ba.

Wurin da aka fi yin kuskuren zaɓi shi ne ciwon mafitsara. A takarda, Septrin magani ne mai kyau ga macen da ba ta da ciki wadda fitsari ke yi wa zafi, tana yawan zagayawa, ba zazzaɓi ba ciwon baya: miligiram 960 safe da dare na kwana uku. Tirimetofirim kaɗai, miligiram 200 safe da dare na kwana uku, yana yin kusan aikin da haɗin ke yi, domin shi ne ya fi taruwa a cikin fitsari, kuma ba ya ɗauke da ɓangaren salfa wanda shi ne tushen mafi munin illolin fata da na jini. Saboda wannan ne hukumar lura da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta taƙaita amfani da kotirimokzazol a 1995, likitocinsu suka koma rubuta tirimetofirim kaɗai ga ciwon mafitsara. Da a ce tsakanin waɗannan biyu kawai za a zaɓa, da na ce tirimetofirim kaɗai ya fi, sai dai ba kasafai ake samunsa a kantunan magani na Kaduna ba, kuma akwai matsalar da ta fi rashin samuwa girma.

Ƙwayar da ta fi jawo ciwon mafitsara ita ce E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa. Ƙa'idar da masana cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka shimfiɗa ita ce kada a ba da kotirimokzazol ba tare da gwaji ba a duk yankin da fiye da kashi 20 cikin ɗari na wannan ƙwaya suka daina jin sa. A Nijeriya kuwa binciken da aka sha yi a asibitocin koyarwa yana nuna cewa fiye da rabinsu ba sa jin sa, kuma ƙwayar da ta bijire wa haɗin ta bijire wa tirimetofirim kaɗai. Ma'ana, macen da ta sayi Septrin a kemis domin zafin fitsari ta ɗauki dukkan haɗarin maganin alhali samun amfaninsa bai kai rabi-da-rabi ba. A irin wannan hali naitirofurantoyin, wanda ba ɗan wannan dangi ba ne, ya fi cancanta a fara da shi na kwana biyar, domin har yanzu yawancin E. coli suna jin sa. Shi ma yana da iyakarsa: ba ya kai wa ƙoda, saboda haka ba ya amfani idan akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ba a ba mai raunin ƙoda, ba a kuma ba mai cikin da haihuwarta ta matso.

Akwai wata dattijuwa daga Tudun Wada da ta zo mini karo na uku cikin wata biyu tana neman Septrin. Na ce mata, "Hajiya, in da yana yi miki aiki ai da ba ki dawo sau uku ba. Ki daure ki kai fitsari a yi miki kalca." Ta ce, "Ɗana, kuɗin gwajin nan ya fi kuɗin maganin, kuma kwana uku za a ce in jira." Gaskiya ta faɗa, domin kalca shuka fitsarin ake yi a ɗakin gwaji a jira ƙwayar ta tsiro, sannan a jera mata magunguna a ga wanda ke kashe ta, kuma hakan yakan ci kwana biyu zuwa uku. Na lissafa mata abin da ta kashe a zuwa uku, ta ga ya wuce kuɗin gwajin. Da sakamakon ya fito, an rubuta harafin R a gaban kotirimokzazol, wato ƙwayar ba ta jin sa, an rubuta S a gaban naitirofurantoyin, wato tana jin sa. Wannan takarda ce kaɗai ke iya dawo da Septrin cikin lissafi: idan ta nuna S a gabansa, to ya zama zaɓi mai kyau da araha, har ma ya fi naitirofurantoyin a wajen maza, domin tirimetofirim yana shiga ƙullin furostet sosai, kuma yana kai wa ƙoda.

Sai an yi hattara kuma da kalmar ciwon sanyi, wadda muke lulluɓe cututtuka da yawa da ita. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri a gaban mace yawanci na fangas ne, fitar mugunya daga gaban namiji kuma yawanci cutar da ake ɗauka ta saduwa ce, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da Septrin ko tirimetofirim ke warkarwa a yau.

Game da tari da gudawa da taifot ba sai an tsawaita ba. A da Septrin na ruwa shi ne maganin farko ga yaron da ke da ciwon huhu, amma tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da amoksisilin a matsayin na farko, musamman ƙwayar da ake narkarwa a ruwa. Mura da tarin da ke biyo ta bairos ne ke jawo su, kuma bairos ba ya ƙera folet balle a hana shi. Gudawar ruwa a jikin yaro ruwan gishiri da sukari da zink take buƙata, atini mai jini kuma ƙwayar da ke jawo shi ta daɗe da bijire wa Septrin. Taifot ɗin da ake kira mai bijire wa magunguna da yawa an ba shi sunan ne daidai saboda ba ya jin kuloramfenikol da amfisilin da kotirimokzazol. Ciwon makogwaro na sitireftokokas fenisilin yake so. Inda Septrin ya rage da daraja a cututtukan yau da kullum shi ne maruru da sauran ƙurajen da sitafilokokas ke jawowa, har da nau'in da ya gagari dangin fenisilin, amma da sharaɗin a fara tsaga marurun a fitar da mugunya, domin mugunya cike take da ragowar matattun ƙwayoyin halitta waɗanda bakteriya ke tsintar tubalan DNA a cikinsu ba tare da sun nemi folet ba.

Babban gurbin Septrin a wannan zamani yana wajen masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma a nan babu ɗan dangin da ya kama ƙafarsa. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 960 a kullum tana kare baligi daga wani mummunan ciwon huhu da fangas mai suna numosistis ke jawowa, tana kare shi daga tokzofilasma da ke kama ƙwaƙwalwa, da wasu ƙwayoyin gudawa mai daɗewa, da wasu bakteriya, tana kuma rage masa zazzaɓin cizon sauro. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, waɗanda aka wallafa a 1999, su suka fara tabbatar da amfaninsa a Afirka, sannan wani da aka yi a kan yara a Zambiya, wanda ya fito a 2004, ya nuna raguwar mace-mace da kashi 43 cikin ɗari, duk da cewa a wurin bakteriya da yawa sun riga sun bijire wa maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan bakteriya suka yi yawa, irin tamu, a ba da shi ba tare da la'akari da adadin CD4 ba, wato ƙwayoyin jinin da ake auna ƙarfin garkuwar jiki da su, jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da cutar kuma a fara masa daga mako huɗu zuwa shida da haihuwa har sai gwaji ya tabbatar bai ɗauka ba. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar daina ɓarnatar da shi a kan mura.

Idan jikin mai wannan cuta ya ƙi Septrin, abin da ke faruwa da su fiye da sauran mutane, a nan ne ake duba dafson. Miligiram 100 a kullum yana kare huhu daga numosistis, amma kariyarsa ba ta da faɗin ta Septrin: ba ya tare tokzofilasma sai an haɗa shi da firimetamin da folinik asid, kuma ba a dogara da shi wajen gudawa da cututtukan bakteriya. Saboda haka idan ƙurajen da suka fito masu sauƙi ne, ba zazzaɓi, ba gyambo a baki ko ido, likita yakan gwammace ya sake gwada Septrin da kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawarsa kafin ya koma ga dafson. Idan kuwa fata ta taɓa saluɓewa, an rufe maganar Septrin har abada, kuma dafson ma ana gudunsa.

Gidan dafson na asali kuturta ne, kuma Nijeriya tana da hannu a tarihinsa, domin a Uzuakoli da ke kudu maso gabas ne Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya shan sa ta baki da ƙaramin awo a warke. Shekaru aka yi ana ba da shi shi kaɗai har ƙwayar kuturta ta fara bijire masa, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin. Ana shan haɗin wata shida ko wata goma sha biyu gwargwadon nau'in cutar, kuma kyauta ake bayarwa. Cibiyar horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye kusa da Zariya, a cikin jiharmu. Wanda ya ga farin tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓawa ba shi da zaɓin da zai yi a kemis, Septrin ba ya maye gurbin dafson a nan, dafson shi kaɗai kuma kuskure ne. Illarsa ta musamman ita ce fasa jajayen ƙwayoyin jini, wani lokaci leɓe da farce su yi shuɗi saboda jini ya gaza ɗaukar iska yadda ya kamata, sannan akwai wani bori mai haɗa zazzaɓi da ƙuraje da ciwon hanta wanda yakan bayyana cikin wata biyu na farko.

Fansidar, da takwarorinsa irin su Amalar da Maloxine, ba domin bakteriya aka yi shi ba, amma ba zai yiwu a bar shi a baya ba tun da gininsa irin na Septrin ne: salfadoksin miligiram 500 da firimetamin miligiram 25 a kowace ƙwaya. Bambancin da ya fi muhimmanci tsakaninsu shi ne daɗewa a jiki. Rabin salfametokzazol yakan fita cikin kimanin awa goma, shi ya sa ake shan Septrin safe da dare, salfadoksin kuwa sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Wannan daɗewa ita ce amfaninsa a rigakafi, ita ce kuma haɗarinsa, domin idan jiki ya ƙi shi babu yadda za a janye abin da aka riga aka haɗiye. Tun 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin atemisinin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda haka sayen Fansidar domin zazzaɓin da ya riga ya kama mutum zaɓi ne da lokacinsa ya wuce. Aikin da ya rage masa biyu ne: mai ciki ta sha ƙwaya uku a wajen awo daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa, sai kuma yara daga wata 3 zuwa wata 59, waɗanda ake ba shi haɗe da amodayakwin wata-wata a lokacin damina.

Dokar da ba ta da togaciya a nan ita ce ba a haɗa Septrin da Fansidar. Mai cikin da ke shan Septrin kullum saboda cuta mai karya garkuwar jiki ba ta karɓar Fansidar a wajen awo, Septrin ɗin ya wadatar, kuma dole ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ko da a keɓe ne. Haka yaron da ke kan Septrin ba a ba shi na damina, shi ya sa masu rabawa suke tambayar uwa ko yaron yana shan wani magani kafin su narka masa. Akwai kuma batun folik asid, wanda ba kowa ya lura da shi ba: bakteriya ba sa iya amfani da folik asid ɗin da mutum ya sha, amma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana iyawa, saboda haka miligiram 5 a kullum yana rage ƙarfin Fansidar, alhali ƙaramin awo na miligiram 0.4 ba ya ragewa. Mai cikin da ke da sikila, wadda aka saba ba ta babban awon, ya kamata ta tattauna wannan da likitanta.

Bayan an duba cutar sai a duba jikin mai shan maganin, kuma sau da yawa nan ne zaɓin ke juyewa. Ba a ba jaririn da bai kai mako shida ba salfa sai bisa tsarin likita, domin yana ture sinadarin da ke jawo shawara daga inda yake maƙale a jini, ya hau ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma saboda wannan dalili ake gudun sa a ƙarshen ciki. A wata ukun farko na ciki kuma tirimetofirim ake gudu, saboda taɓa folet a lokacin da lakar jariri ke haɗuwa. Akwai ƙarancin wani enzayim na jini mai suna G6PD wanda ake gado, kuma yana da yawa a cikin mazan Nijeriya. Mai shi idan ya sha dafson, ko salfa mai yawa, jajayen ƙwayoyin jininsa kan fashe, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ido ya yi rawaya. Dattijon da ke shan lisinofiril ko losatan ko sifironolakton saboda hawan jini ko ciwon zuciya yana cikin wani haɗarin dabam, domin tirimetofirim yana hana ƙoda fitar da fotasiyam, ya taru cikin 'yan kwanaki har ya rikita bugun zuciya, kuma a nan tirimetofirim kaɗai bai fi haɗin aminci ba. Septrin yana ƙara ƙarfin wafarin, maganin tsinka jini, har jini ya ƙi tsayawa, yana iya faɗar da sukarin mai shan gilibenkilamaid, haɗa shi da metotireksat, maganin daji da ciwon gaɓoɓi, kuma yana iya durƙusar da ɓargo.

Illar fata ita ce wadda na fi gani da idona. Wani direban mota daga tashar Kawo ya taɓa nuna mini leɓensa na ƙasa, inda wani tabo zagayayye kamar kwabo ya yi baƙi, ya ce, "Malam, kullum a nan yake fitowa, da ƙaiƙayi da zafi, har a gabana akwai irinsa. An ce in daina shan Septrin, na kuwa daina, ga shi ya dawo." Na tambaye shi abin da ya sha a makon, ya laluba aljihu ya fito da ragowar kwalin Amalar. An gaya masa sunan magani ɗaya, ba a gaya masa sunan dangin ba. Irin wannan tabo mai komawa wuri ɗaya ba ya kisa, ko da yake baƙinsa yakan daɗe. Mai kisan shi ne wanda ake kira Stevens-Johnson, wanda ke farawa kamar mura da zazzaɓi da jan ido, yawanci cikin makonnin farko na shan maganin, sannan baki da ido da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa kamar ta wanda ya ƙone. Ba ya yawan faruwa, amma salfa yana sahun gaba cikin magungunan da ke jawo shi. Ya kamata kuma a bambanta salfa da farar wuta, wadda sunanta na Turanci ya yi kama da nasa: wanda salfa bai karɓe shi ba bai zama dole ya guji man farar wuta na ƙazuwa ba, kuma yawancinsu suna shan furosemaid, maganin fitar da ruwa daga jiki, da makamantansa lafiya, duk da cewa gininsu ya yi kusa da na salfa.

Na shafawa ba su da dogon bayani. Man silba salfadayazin mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari yana hana ƙuna ruɓewa, kuma ya fi man goge baki da ɗanyen ƙwai da ake shafawa a gida nesa ba kusa ba, sai dai a ƙunar da ba ta yi zurfi ba an ga yana jinkirta warkewa idan aka kwatanta da bandejin zamani, kuma ba a shafa wa jariri sabon haihuwa ko wanda salfa bai karɓe shi ba, domin yana ratsa fata ya shiga jini. Ɗigon ido na salfasetamaid ya ja baya, kuma ba ya komai ga jan idon da bairos ke yaɗawa a gari.

Wanda gwaji ko likita ya zaɓa wa Septrin ya duba ƙarfin da ke jikin kwalin, domin akwai na miligiram 480 da na 960, kuma ƙwaya biyu na farko su ne ɗaya ta biyu. Na yara na ruwa kuma miligiram 240 ne a cikin mililita 5, ana auna shi da nauyin yaro ko shekarunsa da murfin awo, ba da cokalin shayi ba. Ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ya yawaita shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu ko idan zai sha shi da sahur da buɗa-baki, domin salfa yana iya daskarewa a cikin fitsarin da ya yi kauri ya toshe hanyoyin ƙoda. Da zarar ƙuraje sun fito, ko baki ya yi gyambo, ko ido ya yi ja ko rawaya, ya dakatar da maganin a ranar, ya tafi asibiti da kwalin a hannunsa, ya kuma nemi a rubuta a katinsa cewa salfa bai karɓe shi ba, tare da sunayen Septrin da Bactrim da Fansidar da Amalar da Maloxine da dafson da man ƙuna, yadda zai iya nuna wa duk wanda zai ba shi magani nan gaba.